Ambato dubu goma ba ya warkar da sikila

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, na rubuto ne kan irin labaran nan da suka yi yawa yanzu a jaridu da guruf-guruf na WhatsApp, wai wani masani an ambaci bincikensa sau dubu kaza, ko wai sunansa ya fito cikin kashi 2 cikin ɗari na manyan masana na duniya, sai a liƙa hotonsa da rigar farfesa shi ke nan an rufe zance. Wlh ba na baƙin ciki da yabon wanda ya yi ƙoƙari. Damuwata ita ce ba a gaya wa mai karatu me lambar take nufi, mu kuma nan Kumasi akwai waɗanda tuni suka gano cewa lambar tana sayar da kaya. Je ka Kejetia ko ka shiga turoturo daga Aboabo zuwa Tafo, ba ka rasa mai tallan maganin ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin jiki masu iya rikiɗa su zama wasu irin ƙwayoyi, wanda suke kira "sitem sel" a 'yar kwalba ko gari a leda, yana rantsuwa yana warkar da sikila da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki har da rashin haihuwa, in ka yi gardama sai ya buɗe waya ya nuna maka shafin wani farfesa na ƙasar waje, ya ce kalli sau nawa masana suka ambace shi. Farfesan bai ma san da zaman kwalbar ba.

To me ake ƙirgawa? Idan masani ya buga takardar bincike a mujalla, duk wanda ya zo baya ya kafa hujja da ita ko ya taɓo ta a tasa takardar, an samu ambato ɗaya. Wani Ba'amurke Eugene Garfield ne ya fara tattara wannan ƙidaya a 1964, sannan a 2005 wani malamin fiziks a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin da ake kira h, wato in aka ce h ɗin mutum 40 ne to yana da takardu 40 da kowacce aka ambata aƙalla sau 40. Jerin kashi 2 ɗin nan kuma John Ioannidis na jami'ar Stanford ne da abokan aikinsa suke fitarwa daga rumbun takardun bincike na Scopus. Kwamfuta ce ke lissafin, kuma ba ruwanta da dalilin ambaton. Wanda ya ce aikinka ya yi kyau ɗaya ne, wanda ya ce na gwada bai yi ba shi ma ɗaya ne, kai da kanka in ka ambaci tsohuwar takardarka ta shiga lissafi.

Kar a ce na zo rushe abin gaba ɗaya, akwai inda lambar ta faɗi gaskiya. Shinya Yamanaka na jami'ar Kyoto a Japan, wanda asalinsa likitan ƙashi ne, a 2006 shi da Kazutoshi Takahashi suka buga a mujallar Cell cewa sun ɗauki ƙwayar halitta ta ɓera wadda ta riga ta girma ta kama aikinta, suka mayar da ita baya ta koma kamar ta ɗan tayi, wadda za ta iya zama jijiya ko tsoka ko jini. Sun fara da ƙwayoyin gado 24 suna cirewa ɗaya bayan ɗaya har suka gano 4 kacal sun isa. A 2007 suka yi da fatar ɗan Adam. Takardar nan an ambace ta sau dubun-dubata, kuma dalili a fili yake, ɗakunan bincike a ƙasashe daban-daban sun bi hanyar kuma ta yi musu aiki. A 2012 Yamanaka ya samu kyautar Nobel tare da John Gurdon na Ingila wanda ya yi nasa gwajin da kwaɗo tun 1962, shekara 50 cif yana jira. Amma duk da wannan ɗaukaka sai 2014 aka fara dasa irin waɗannan ƙwayoyi a jikin mutum, wata dattijuwa mai ciwon ido a birnin Kobe, mutum ɗaya tak, shi ma don a ga ko babu cutarwa.

Yanzu ga ɗaya gefen, kuma nan nake so ka ɗan yi haƙuri da tsawon wasiƙar. A 2001 ɗakin binciken Piero Anversa, wani mai binciken zuciya a Amurka, ya buga a mujallar Nature cewa ƙwayoyin ɓargo suna iya zama sabuwar tsokar zuciya bayan bugun zuciya ya lalata ta. Duniya ta ɗauka, aka ambaci takardar sau dubbai, aka zuba kuɗi, aka fara gwaji a kan marasa lafiya. Tun 2004 wasu ɗakunan bincike biyu suka buga a mujallar dai cewa sun gwada ba su ga haka ba, to ka san abin dariya, su ma sun ƙara masa lamba tunda dole su ambace shi kafin su musanta. Mutumin ya ci gaba da tashe har ya koma jami'ar Harvard. A 2017 asibitin da ɗakin bincikensa yake ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 10 kan zargin an nemo kuɗin bincike da bayanan ƙarya, a 2018 kuma Harvard da asibitin suka nemi a janye takardu 31 da suka fito daga ɗakin. Talatin da ɗaya fa! Kafin ranar duk wanda ya buɗe shafinsa sai ya ce wannan ai gagarabadau ne.

Ba shi kaɗai ba. Takardar Catherine Verfaillie ta 2002 da ta ce akwai wata ƙwaya a ɓargon babba mai iya zama kusan komai, sai 2024 Nature ta janye ta saboda matsalar hotunan da ke ciki, bayan an ambace ta kusan sau 4,500. Hwang Woo-suk na Koriya ta Kudu ya zama gwarzon ƙasa da takardunsa kan ƙwayoyin tushe na 2004 da 2005, a 2006 aka janye su duka. A Japan ma a 2014 an yi wanda aka kira STAP, wai ka jiƙa ƙwaya a ruwa mai ɗan tsami ta koma ta tushe, wannan ko wata bakwai bai kai ba aka janye shi.

Mu 'yan Zango bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba, duk wanda ya zauna gaban malami ya san akwai hadisin da ya shahara a bakin kowa, mai wa'azi na ja, mai shayi na ja, amma in aka bi isnadinsa sai a tarar ba shi da asali. Malaman hadisi ba sa ƙirga bakuna, mutanen da ke cikin silsilar suke bi ɗaya-ɗaya. A kimiyya abin da ya yi daidai da wannan shi ne wani can da ba ya ga maciji da kai ya maimaita gwajinka ya samu abin da ka samu.

Abin da ya sa na ɗauki zancen da zafi sikila ce. A Gana kusan jariri 2 cikin kowane 100 da ita ake haihuwarsa, kusan 15,000 a shekara, kuma ba unguwar da ba ta da gidan da ake kwana a zaune da yaro yana kukan ciwon ƙashi. Uwar da ta ga haka komai aka ce mata za ta saya. Kuma mai tallan ba ƙarya zalla yake yi ba shi ya sa yake cin kasuwa, domin da gaske dashen ɓargo yana warkar da sikila, an san haka tun 1984, sai dai aiki ne na asibiti babba, sai an samu wanda jininsa ya dace galibi wa ko ƙane uwa ɗaya uba ɗaya, a kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi, a killace yaro makonni, kuma akwai haɗarin rasa rai. A Disamba 2023 Amurka ta amince da Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin tushe na jinin mara lafiyan kansa a gyara su a mayar, kuɗinsa dala miliyan 2.2, ka juya shi zuwa sidi ka ga ko kanka ba zai yi ciwo ba. To ta ina gari a leda zai shiga wannan layi? Abin da ka haɗiya ciki ne zai narkar da shi kamar tuwo. Ko allurar ma ba wasa ba ce, a 2017 likitoci sun ba da rahoton wasu mata uku a Filorida ta Amurka da idanunsu suka lalace bayan wani kilinik ya yi musu allurar ƙwayoyin da aka ciro daga kitsen jikinsu.

A nan garin namu kuwa an yi aikin da ya ceci yara ba tare da hayaniya ba. Marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, wanda shi kansa ɗansa da sikila aka haife shi, ya fara gwajin jinin jarirai a Kumasi a 1995 ta asibitin Komfo Anokye, a ɗan tsaga diddigen jariri a ɗiga jini a takarda, in yana da ita a fara ba shi fenisilin da wuri kafin cuta ta kayar da shi. Nas ɗin da ke bin uwa har gida a Asawase don ta dawo da yaro kilinik, aikinta ba ya fitowa a Scopus. Ga kuma kuɗin bugawa, lokacin da Nature ta buɗe tsarin da kowa zai karanta kyauta a 2021 marubuci ake caja yuro 9,500 kan takarda ɗaya, wane lakcara ne a KNUST ko Legon zai ciro wannan daga aljihunsa? Fannin da ke da ɗakunan bincike dubu dole ambatonsa ya fi na fannin da ke da hamsin, ba don an fi su kai ba. Masana da kansu sun san haka, tun 2012 suka tsara sanarwa a San Faransisko cewa a daina auna mutum da girman mujallar da ya buga a ciki.

Don haka roƙona Malam Edita, duk ranar da za ku buga labarin masani da lambobinsa, dan Allah ku sa wakilinku ya tambayo me mutumin ya gano takamaimai, a ɓera ne ko a kwano ko a mutum, wasu sun maimaita sun samu, kuma akwai takardarsa da aka taɓa janyewa? Layi biyu ya isa. Sannan ku duba tallace-tallacen da kuke karɓa, domin lambar rajistar hukumar abinci da magunguna da ake nunawa a jikin kwalba sau da yawa ta ƙarin abinci ce, ba shaidar warkar da ciwo ba ce. In da hali kuma ku gayyato likitan jini daga Komfo Anokye ko Korle Bu ya yi bayani da Hausa kan gwajin jini kafin aure da maganin haidiroksiyuriya da ake ba masu sikila da wane yaro ne dashen ɓargo zai yi wa amfani, ni na ɗauki nauyin tura shafin zuwa duk guruf ɗin da nake ciki, har na limaman unguwarmu.

Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi