Zuwa ga ɗana a Yamai, kafin bikin 3 ga Agusta

Assalamu alaikum ɗana. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu a nan Maraɗi lafiya lau, damina ta kankama, ana ta maimai a gonaki, Allah ya sa mu ga ƙarshenta da alheri.

Mahaifiyarka ta faɗa mini maganar da kuka yi ta waya, cewa abokan aikinka sun shirya walima ranar 3 ga Agusta, za a yi anko, a yanka rago, a yi hayar kujeru da kayan sauti, kuma kana tunanin karɓar wani abu daga albashin watan gaba don kada a bar ka a baya. Shi ya sa na zauna na rubuto maka, domin maganar ta fi ƙarfin waya.

Ban hana ka murna ba. Ranar da ƙasarmu ta karɓi ƴancin kanta daga Faransa a 1960, Diori Hamani yana shugaba, rana ce da ya kamata ƴaƴanka su tashi sun san ta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne bashi. Ka dubi watan da bikin ya faɗo. Agusta tsakiyar damina ce, hatsin bara ya ƙare a rumbu, na bana bai nuna ba, kuma a lokacin ne tiya take tsada a kowace kasuwa. Lokacin ne sauro yake yawa, zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da yara, kuma ciwon yaro ba ya jiran ƙarshen wata. Ka san yadda ruwan marka yake yi wa katanga da rufi a Yamai. Daga nan sai komawa lakkol a Oktoba, da littattafai da kayan sawa. Wanda ya ci albashin Satumba tun a farkon Agusta, da me zai tari waɗannan? Daidai ruwa daidai tsaki. Ka gaya wa abokanka gaskiya tun yanzu, ka ba da ɗan abin da za ka iya, ka ce anko ban da kai. Mai hankali a cikinsu ba zai ga laifinka ba, ina ma kyautata zaton akwai waɗanda suke jiran wani ya fara faɗa.

Ka ware kuɗin bikin gefe guda, ko jaka biyar ce, ka danƙa wa matarka ku tsara tare, abin da ya wuce wannan kada a taɓa. Damina tana da nata arha ga wanda ya san inda zai duba. Zogale da rama da tafasa sun cika ko'ina, ƙwan zabi yana yawa a wannan lokaci. A yi dambu da zogale da ɗan ƙuli da albasa, a dafa ƙwai, a haɗa zoɓo da citta a gida maimakon lemon kwalba. In ka samu hali ka ƙara zabo ɗaya. Ku yi magana da maƙwabta, kowane gida ya kawo kwano ɗaya, a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a ɗora shayi. Kayan sallar da ta wuce a wanke a goge, sun isa. Yara kuma a ba su takarda da alli mai launi su zana tuta da hannunsu, ruwan goro a sama, fari a tsakiya da da'irar rana, kore a ƙasa, kai kuma ka zauna ka ba su labarin ranar. Da la'asar, in sama ta yi sarari, ku taka zuwa bakin kogi ko gidan tarihi na Boubou Hama, amma ka riƙe hannunsu, kogi yana cika a wannan lokaci.

Abin da na fi so ka mai da hankali a kai shi ne itace. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, aka haɗa wannan rana da dashen itatuwa, kuma ba don ado aka yi ba. Ku ba ku ga farin shekarun 1970 ba. Mu mun ga dabbobi suna faɗuwa a hanya, mun ga iska tana binne shuka da rairayi har manomi ya sake shuka a gona ɗaya, sannan 1984 ta zo ta ƙara. Daga wannan wahala mutane suka koyi darasi. A kwarin Majiya, wajen Buza, aka jera layukan dogon yaro don su tare iska. A nan wajenmu da ƙasar Damagaram manoma suka koma sassabin zamani: in ana sharar gona ba a tumɓuke kututture, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi daga tohonsa a bar su, a sassabe sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, kuma talakawa ne suka yi wannan aiki da wuƙa da gatari, ba da kuɗi ba. Gawon da ke gonarmu ta gabas haka ya tashi. Yana zubar da ganye da damina, hatsi ya sha rana a ƙarƙashinsa ya yi kauri, da rani kuma ya yi inuwa, ƴaƴansa su zama abincin awaki.

To, ga yadda za ka yi. Ka je wurin masu renon itatuwa, ko ka tambayi ma'aikatan gandun daji, dashe ba shi da tsada. Tunda gidan haya kake, ka nemi izinin mai gidan tukuna, ka ɗauki zogale, shi ne mai saurin tashi, cikin ƴan watanni matarka za ta fara tsinkar ganye. In ya yarda da mangwaro ko dogon yaro, ka nisanta shi da katanga da shadda saboda saiwa. Ka haƙa rami mai zurfin kamu guda, ka cakuɗa ƙasar sama da taki wanda ya ruɓe, ba ɗanye ba, don ɗanye yana ƙona saiwa. Ka yanke ledar da reza a hankali ka cire ta gaba ɗaya, kada ƙasar da ke jikin saiwar ta warwatse. Ka saka, ka mayar da ƙasa, ka danna da ƙafa, ka bar ɗan kwari a gindin don ruwa ya tsaya. Sannan ka kewaye shi da ƙaya ko tsofaffin tubala tun a ranar, domin akuya ɗaya tana gamawa da shi kafin ka shiga ɗaki ka fito.

Abin da yake ɓata mini rai duk shekara shi ne itatuwan da ake dasawa a ɗauki hoto a watse, kafin Maris sun zama ƙirare. Damina za ta shayar maka da shi zuwa Satumba, aikinka na gaske yana farawa ne bayan ruwa ya ɗauke, ya kuma yi tsanani da bazara. Ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka, in babu sabulu da yawa, ya ishe shi. Ka ɗora wa babban yaronka wannan aiki, ka ce itacensa ne, ka riƙa dubawa kana yaba masa.

Kada ka damu da aiko mana da komai a wannan wata, muna da abin da zai kai mu kaka in Allah ya so. Ka duba gidajen sauronku, wanda ya yage a ɗinke ko a sake, kuma da zarar jikin yaro ya yi zafi a kai shi asibiti a gwada jini, kada a tsaya sayen ƙwaya a bakin titi. Mahaifiyarka za ta ba direban da ka sani ƙullin irin zogale da ɗan daddawa, ka tura a karɓa a tasha. Ka gai da matarka da jikokina, ka gai da mai gidan da kake haya. Allah ya yi maka albarka, ya rufa asiri, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Ni ne mahaifinka.