Kada a tilasta wa agogo idan kwanan watansa ya cije

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da masu ɗaura agogon inji, wanda ba ya aiki da batir, da kuma 'yan'uwana masu gyara. Sana'ata ke nan tun ina yaron shago a Sabon Gari, kuma abin da ya faru a teburina ranar 1 ga Disamba ne ya sa na ɗauki biro.

Wani Alhaji ya kawo mini agogo ƙirar Seiko 5 da mahaifinsa ya yo tsaraba daga Makka, irin mai ranakun mako da Larabci. Nuwamba kwana 30 ne, shi kuwa faifan kwanan wata haƙora 31 gare shi, don haka sau biyar a shekara dole mai agogo ya tura shi da hannu. Alhaji ya zo turawa da daddare, ya ji kan murzawar, wato ɗan maɓallin gefen agogo da ake saita lokaci da shi, yana ƙarar-ƙarar kamar an zuba yashi, sai ya ƙara ƙarfi. Na ce, "Alhaji, ƙarfe nawa ne a lokacin?" Ya ce wajen sha ɗaya. Nan jikina ya yi sanyi.

Daga kamar ƙarfe 9 na dare zuwa 4 na asuba, ɗan yatsan da ke juya kwanan wata da kansa ya riga ya shiga tsakanin haƙoran faifan. Ka murza a wannan lokaci, ƙarfi biyu ke karo a kan haƙori ɗaya. A injin 7S26, irin na cikin agogon Alhaji, wanda Seiko ta fara fitarwa a 1996, giyar (ɗan faifai mai haƙora) da ke ɗauke da wannan yatsa ta roba ce, ba ta da juriyar kokawa. Wanda bai tabbata ko agogonsa na nuna dare ko rana ba, ya fara kai hannayen agogon kan ƙarfe shida, sannan ya taɓa kwanan wata.

Amma ba kowane kaushi ne ɓarnar dare ba, kuma a nan nake da magana da abokan sana'a. Kafin a ɗauki sukudireba, a saurari agogon da yatsa. Idan kan yana kaushi ko an jawo shi ko ba a jawo ba, to matsalar tana bakin ƙofa: tsinken da ke shiga cikin inji ya lanƙwashe, ko ya yi tsatsa. Tsatsar nan na sha ganinta, don yawancinmu da agogo muke alwala, robar da ke tare ruwa kuwa ta daɗe da bushewa. A cire injin daga gidansa a sake murzawa. In ya yi laushi, laifin ba na inji ba ne.

Idan kuwa sai an jawo kan sau ɗaya kaushin ke zuwa, ni zagaye nake yi, daga 1 har 31, ina ƙirgawa. Kowace rana nauyinta ɗaya? To mai ne ya bushe a kan ɗan ƙarfen da sifirin ke dannawa ya riƙe faifan, ƙurar hunturu ta haɗu da shi ya zama kamar danƙo. In rana ɗaya ce tak ke cijewa, kullum ita, haƙori ne ya goge ko ya karkace. Wani lokaci kuma da an ɗaga fuskar agogon komai ya lafa, ashe ita ce ke danne faifan saboda wani ya mayar da ita a karkace.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mai gyaran da zai buɗe baya ya ɗiga man keken ɗinki, ya miƙa wa mutum, ya karɓi kuɗi. Faifan kwanan wata ta gaban agogo yake, ƙarƙashin fuska, man bai ma isa wurin ba sai ya bi ya jiƙa siririn sifirin da ke daidaita lokaci, agogo ya kama gudu. Wurin da ke son mai, ɗigon da ke kan bakin allura ya ishe shi, kuma bayan an wanke tsohon.

Agogon Alhaji dai na zagaya da shi, ya cije a kan 1 kaɗai. Da na sa gilashin ido na ga haƙorin ya karkace, yatsan giyar kuma ya guntule. Na ciro duka biyun daga wani mataccen inji da nake ajiye da shi, na wanke sauran, na sauya robar kan. Jibi zai zo karɓa, bayan na ga ya juya da kansa dare biyu a jere.

Naku,
Mai gyaran agogo,
Sabon Gari, Kano