Minsharin da muka riƙa yi wa dariya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya sanyin Damagaram? Mu nan Kano sai godiya.

Ka tuna ɗakin kwananmu na makaranta, yadda ake jifanmu da takalmi ni da kai saboda minshari? To, ashe ciwo muke rainowa.

Ka san shekara uku ke nan ina fama da ciwon suga. Na rage tuwon dare, na bar lemon kwalba, ina shan metformin ba fashi, amma kullum in na gwada da asuba sai in tarar ya hau. Uwargida ce ta gano bakin zaren. Ta ce ina tsakiyar minshari sai in yi tsit kamar an shaƙe ni, ta yi ta ƙirge har goma sha wani abu, sannan in yi gurnani in ci gaba. Da aka yi min gwajin barci, sai aka ga maƙogwarona ne ke rufewa, numfashi ya ɗauke. Likita ya ce in abin ya wuce sau 30 a awa ɗaya ya yi tsanani. Ni na wuce.

Duk sanda oksijin ya ragu a jini, jiki firgita yake kamar wanda kare ya biyo. Sinadaran tashin hankali su zubo, hanta ta saki suga, insulin kuma, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, ya kasa aikinsa yadda ya kamata. Ni ina nan kwance ban sani ba.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne maganar agogon jiki. Ashe akwai wasu furotin a cikin ƙwayoyin halittarmu da ke ƙirga dare da rana. Ɗaya ana ce masa PER, yana taruwa da dare ya watse da rana. A kan wannan ne Hall da Rosbash da Young, 'yan Amurka, suka ci kyautar Nobel a 2017, kuma da ƙananan ƙudaje suka yi binciken, ka ji ikon Allah! Hanta na da nata agogon, haka ma ƙwayoyin da ke samar da insulin. A 2010 masu bincike a Shikago sun ɓata wa ɓeraye wannan agogo, sai ga ɓerayen da ciwon suga. Akwai kuma wani furotin, HIF-1, wanda ke farkawa in oksijin ya yi ƙasa, shi ma yana cuɗanya da furotin ɗin agogon. Shi ya sa masana ke zargin shaƙewar dare na rikita wa jiki lissafin lokaci.

Yanzu da na'urar CPAP nake kwana, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Ostireliya a 1980. Iska take hura min ta hanci don kada hanya ta rufe. Makon farko yara har gudu suke in sun gan ni da ita a fuska. Ga tsada, ga rashin wuta, sai da na haɗa da batirin sola. Amma na daina gyangyaɗi a bakin shago, ciwon kan safe ma ya tafi. Maganin suga dai likita ya ce kada in kuskura in ajiye.

Kai da ka fi ni minshari, ga tumbi na ji an ce ka ajiye, don Allah ka sa Hajiya ta saurare ka cikin dare, ka kuma je a gwada maka suga kafin ka karya. Ka faɗa min abin da aka gani.

A gaida Baba da yara.

Naka amini, daga Kano.