Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Katsina Kan Tsohuwar Tashar Jirgin Ƙasa Ta Funtuwa

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Magajin Korau lafiya da nasara.

Mu talakawanka ne, 'ya'ya da jikokin tsofaffin ma'aikatan reluwe da 'yan dako da fataken auduga, wasunmu a birni, wasu a Funtuwa. Ganin aikin sabon layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai kuma ratsa Daura da Katsina da Jibiya, shi ya tayar mana da wannan magana. Muna murna da shi ƙwarai. Tsoronmu kada ɗokin sabo ya sa a binne tsohon, domin an taɓa yin haka a ƙasar nan.

Ranka ya daɗe, Baro muke nufi. Gari ne a bakin kogin Kwara, cikin Jihar Neja ta yanzu, kuma daga can dogo ya fara nufo ƙasar Hausa. An soma aikin a 1907, zamanin Gwamna Girouard, jirgi ya shiga Kano a 1911. Jiragen ruwa ke hawo da ƙarafa da taragai su sauke a Baro, shi ya sa garin ya zama bakin layi. Sai aka haɗa layin Ikko da shi a Minna, aka kammala gadar Jebba a 1916, kaya suka koma bin hanyar Ikko kai tsaye, don ba ta jiran cikar kogi. Tun daga nan Baro ta fara dusashewa har jirgi ya daina zuwa. A yau tambayi ɗan sakandare ta ina jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano, da wuya ya ambaci Baro.

Namu rabon ya zo a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, Allah ya jiƙansa. Layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Kafin nan iyayenmu a kan jakai da raƙuma suke kai gyaɗa Kano, tafiyar kwanaki. Da tasha ta zauna, ga gidan gurzar auduga a kusa, Funtuwa ta cika ta batse, baƙi daga Kudu da Arewa suka yi gida suka hayayyafa. Wani dattijo a cikinmu, wanda mahaifinsa ke ɗaga tuta, ya ce da kukan jirgi matan unguwarsu ke sanin lokacin ɗora tukunya. Har yanzu fitilar hannun uban nasa na ɗakinsa, ya hana jikoki taɓawa.

Yau an daɗe rabon da a ji wannan kuka. Ciyawa ta rufe dogo a wurare da dama, ƙarfe kuwa idan ba mai tsaro, ƙarshensa sikelin 'yan jari-bola. Dattawan da suka san aikin sai raguwa suke yi, kusan kowace shekara muna zuwa ta'aziyya.

Saboda haka muke durƙusawa gaban Sarki. Muna roƙon a umarci Sarkin Maska, hakimin Funtuwa, da dagatai da masu unguwannin da layin ya ratsa su sa ido a kan tashar da filinta, kada a wayi gari an yanka shi filaye. Muna kuma roƙon fada ta yi mana jagora a ɗauki muryoyin sauran dattawan nan tun suna da rai. Abin da ke hannun iyalai, tsofaffin tikiti, hotuna, hula, fitila, a shirye muke mu kawo, in za a ba su ɗaki guda a gidan tarihin da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, a rubuta labarin tun daga Baro, da Hausa, yadda yaranmu za su karanta.

Mun san tasha ta Gwamnatin Tarayya ce, ba ta masarauta ba. Amma inda takardarmu za ta kwana a durowa, maganar Sarki zauren shugabanni take shiga. Duk ranar da fada ta kira mu, za mu zo da dattawan da kayan.

Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka masu biyayya,
Iyalan tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da fatake, Katsina da Funtuwa.