Idan manhaja ta ƙi aiki a cikin kwantena, kada a ɗora laifin a kan haruffan Hausa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da matasanmu da suka rungumi sana'ar rubuta manhaja, a kan wata matsala da ke yawan wahalar da su, wadda kuma maganin da wasunsu ke yi mata yana cutar da rubutun Hausa.

Tun bayan fitowar Docker, wata manhaja ta keɓe wasu manhajoji, a shekarar 2013, ya zama ruwan dare a sanya manhaja cikin abin da ake kira kwantena, wato keɓantaccen muhalli mai nasa fayiloli da nasa saiti, wanda ba ya ganin yawancin abin da ke cikin kwamfutar da ke ɗauke da shi. Dabarar keɓewa daɗaɗɗiya ce, domin Unix, wani tsarin gudanar da kwamfuta, ya samu umarnin keɓewa mai suna chroot tun 1979. Sai dai sau da yawa manhajar da ta yi aiki lafiya lau a kwamfutar wanda ya rubuta ta, da zarar an sa ta a kwantena sai ta riƙa tsayawa, alhali ko layi ɗaya ba a canza ba.

Ga misalin da ya shafe mu kai tsaye. Kwantenar da aka gina a kan Ubuntu, wani tsarin gudanar da kwamfuta, ba ta zuwa da saitin harshe da ake kira LANG. Idan babu wannan saiti, harshen rubuta manhaja na Python 3.6, wanda shi ne ake samu a Ubuntu 18.04, yana ɗauka cewa tsohon tsarin haruffa na ASCII zai bi, kuma ASCII alamomi 128 kawai gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Saboda haka manhajar za ta buga Kano da Zariya ba tare da tangarɗa ba, amma ranar da ta ci karo da Ƙanƙara ko Ɗanbatta sai ta mutu da saƙon UnicodeEncodeError. A kwamfutar mai rubutun kuwa an riga an saita UTF-8, tsarin haruffan da ya ƙunshi masu ƙugiya, tun lokacin girka tsarin, shi ya sa bai taɓa ganin matsalar ba. Python 3.7 da ya fito a 2018 ya rage wannan wahala, amma har yanzu akwai tsofaffin manhajoji da ke aiki a ofisoshi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda wasu ke warware lamarin. Sukan rubuta layin da zai mayar da ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, manhajar ta daina tsayawa, su ce an gama. Ta haka ake lalata sunayen mutane da na garuruwa a cikin rumbun bayanai, kuma idan ƙugiyar ta ɓace ba ta dawowa sai an bi da hannu ɗaya bayan ɗaya. Alhali gyaran gaskiya bai wuce a saita LANG ya zama C.UTF-8 a fayil ɗin gina kwantenar ba.

Hanyar bincike mai ma'ana ita ce a fara kwatanta muhallin biyu kafin a taɓa rubutun manhajar. A shiga cikin kwantenar a gudanar da umarnin env da locale da date, waɗanda ke nuna saiti da harshe da lokaci, a yi haka a waje, sannan a duba inda suka bambanta. Agogo kaɗai ya isa ya rikita lissafi: galibin kwantenoni suna bin lokacin UTC, wato agogon GMT, Najeriya da Nijar kuma suna gaba da shi da awa ɗaya, don haka kuɗin da aka biya da ƙarfe 12:30 na dare zai shiga lissafin jiya. Idan ba a ga bambanci a nan ba, umarnin strace zai nuna kowane fayil da manhajar ta nema ta rasa, kamar takardun shaidar tsaro na intanet da ba a sanyawa a wasu ƙananan kwantenoni. Idan kuma ta mutu da lamba 137, to kashe ta aka yi daga waje, kuma yawanci ta wuce iyakar ma'adanar wucin gadi (RAM) da aka ware mata ne.

Akwai masu gajiyawa su buɗe wa kwantenar dukkan izini domin ta yi aiki ko ta halin ƙaƙa. Wannan ya rushe keɓewar da aka shiga kwantenar dominta, kuma dalilin matsalar yana nan ba a gano shi ba.

Ina kira ga malaman kimiyyar kwamfuta a jami'o'i da kwalejojin fasaha na Arewa da su riƙa sa sunaye masu ƙugiya a cikin bayanan gwaji da suke bai wa ɗalibai, su kuma sa a gwada kowane aiki a cikin kwantena kafin a karɓa.

Na gode.

Wani mai karatu, daga Kaduna