Wayar da ke aiki lafiya ma tana iya ɗauke da ɓarawo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan abokan aikinka, na rubuto ne a kan wani al'amari da nake ganin kafafen yaɗa labarai na Hausa ba su ba shi haƙƙinsa ba, wato miyagun manhajojin da ake shigarwa cikin kwamfuta da waya domin ɓarna, ko sata, ko leƙen asiri. Kuna yawan jan kunnen jama'a a kan 'yan damfarar da ke kiran mutum su ce daga banki suke, kuma wannan aiki ne mai kyau da ya ceci dukiyar mutane da dama. Sai dai akwai ɓarawon da ba ya kira, ba ya neman a faɗa masa komai, domin yana zaune a cikin na'urar yana kallon duk abin da ake rubutawa, kuma shi ne ba kasafai nake jin an yi bayaninsa ba.

Sana'ata gyaran kwamfuta da waya ce, kuma abin da ya fi damuna a wurin masu kawo mana gyara shi ne yadda suke auna lafiyar na'ura da ido. A wurinsu, wayar da ta kamu da bairos ita ce wadda take zafi, take nauyi, take mutuwa da kanta, ko take watso tallace-tallacen batsa a gaban mutane. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, to hankali ya kwanta. Wannan fahimta ta dace da wani zamani da ya wuce. A shekarar 1986, wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, sun rubuta bairos ɗin da ake kira Brain, wanda ke yawo a faifan ajiya na wancan lokaci, har ma suka sa sunayensu da adireshin shagonsu da lambar wayarsu a cikinsa. A watan Mayun 2000, wani saƙon imel mai taken ILOVEYOU ya fito daga ƙasar Filifin, ya lalata fayiloli a miliyoyin kwamfutoci cikin 'yan kwanaki, duniya duka ta ji ƙararsa. Masu rubuta irin waɗannan abubuwa a da, yawancinsu suna son a san sun yi. Masu rubutawa a yau kuɗi suke nema, kuma mai neman kuɗinka ba ya son ka farga, saboda haka yana ƙoƙari wayarka ta ci gaba da aiki sumul.

Shi bairos na asali yana manne wa fayil ne, ba ya motsi sai an buɗe fayil ɗin, sannan ya bi wasu. Wanda ya fi addabar mutanenmu a wannan dangi shi ne mai bin filas. Ɗalibi zai kai filas ɗinsa shagon buga takardu domin a fitar masa da aikin makaranta, ya dawo gida ya soka a kwamfuta, sai ya tarar duk folda ta koma wata 'yar alama mai kibiya a gefe. Yana danna alamar domin neman aikinsa, abin ya shiga kwamfutarsa, kuma duk filas ɗin da aka soka bayan nan ya ɗauka. Sau da yawa fayilolin suna nan, ɓoye su kawai aka yi, amma saboda rashin sani sai a yi wa filas ɗin fomatin, a goge aikin watanni da hannu.

Akwai kuma wanda masana ke kira tsutsa, wanda ba ya jiran kowa ya danna komai, sai dai ya nemi kafa a cikin manhajar da ba a sabunta ba, ya bi hanyar sadarwa daga wannan kwamfuta zuwa waccan. A nan ne nake so a tsaya a kan abin da ya faru ranar Juma'a 12 ga Mayun 2017, lokacin da WannaCry ya ɓarke. Cikin ɗan lokaci ya kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, yana kulle fayiloli yana neman dala 300 a kuɗin Bitcoin kafin ya buɗe. A Ingila ya shiga asibitocin gwamnati, likitoci suka kasa ganin bayanan marasa lafiya, aka soke ganin likita da ayyukan tiyata kusan 19,000, aka karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu wurare. Abin takaicin shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran da ke toshe wannan kafa tun watan Maris na shekarar, wata biyu kafin harin, waɗanda suka kamu su ne waɗanda ba su saka gyaran ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, sannan ya duba yawan ofisoshi da makarantu da shaguna a garinsa da har yanzu suke amfani da Windows 7, wanda Microsoft ya daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020. Ko a waya ma, mutane da yawa suna kashe sabuntawa domin kada ta cinye musu data. Na san tsadar data ba wasa ba ce, amma kuɗin da ake tattalin bai kai kwabo ba idan aka kwatanta da abin da ake buɗe wa ƙofa.

Manhajar garkuwa da bayanai, irin WannaCry, ta zama babbar sana'a. A watan Yunin 2017, wani bairos mai suna NotPetya ya bi ta wata manhajar lissafin haraji a Yukren ya watsu, ya durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda ya ƙiyasta asararsa da kusan dala miliyan 300, kuma shi wannan ko an biya fansa babu hanyar dawo da fayilolin, domin an gina shi ne don ya lalata. A watan Mayun 2021, kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ya rufe aiki na kwanaki, aka yi layin mai a jihohi da dama, ya biya kusan dala miliyan 4.4, kuma binciken da aka yi ya nuna cewa kalmar sirri guda ɗaya da ta faɗa hannun ɓarayi ce ta buɗe musu hanya. Wata biyu bayan haka, harin da aka kai wa kamfanin Transnet ya tsayar da aikin sauke kwantena a tashoshin ruwan Afirka ta Kudu, har da ta Durban.

Wani zai ce waɗannan manyan kamfanoni ne, me ya haɗa su da mai ɗaukar hoton biki ko mai shagon magani? Abin da ya haɗa su shi ne akwai nau'in da aka kera musamman domin ƙananan mutane. Wanda ake kira STOP ko Djvu yana zuwa ne a cikin manhajojin sata, irin waɗanda ake saukewa kyauta domin gudun biyan kuɗin lasisi. Mutum zai sauke manhajar gyaran hoto, a ce masa ya kashe maganin bairos kafin ya saka ta, shi kuma ya kashe da hannunsa. Washegari duk hotuna da takardu sun sauya suna, babu wanda yake buɗewa, sai wata 'yar takarda a kowace folda tana neman dala 980, ko 490 idan an biya cikin kwana uku. Na ga mai ɗaukar hoto zaune a benci ya haɗa kai da gwiwa, hotunan bikin mutane da bai riga ya miƙa ba suna cikin kwamfutar, ba shi da kwafi a ko'ina, yana tambaya ko akwai dabara. A mafi yawan lokuta babu. Mu ma masu gyara muna da namu kason alhakin, domin kwamfutoci da yawa suna barin shagunan gyara ɗauke da manhajojin sata waɗanda ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinsu.

Duk da haka, mai garkuwa da bayanai aƙalla yana sanar da kai ya zo. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Tirojan, wato manhajar da ke shigowa da rigar wani abu mai amfani: manhajar ba da rance cikin minti biyar, ko ta kallon ƙwallo kyauta, ko WhatsApp na jabu mai ƙarin launuka da damar karanta saƙon da aka goge, ko wata da aka ce ta rajistar tallafin gwamnati ce. Ana tura su daga waya zuwa waya, aboki ya ba aboki, ko a saka wa mutum a wurin masu tura fina-finai tare da waƙoƙi, ba tare da kowa ya tambayi asalinsu ba. Da an saka, sai ta nemi izinin karanta saƙonni, da ganin lambobin waya, da iko a kan fuskar wayar, mai waya kuma ya yi ta danna amincewa domin ya ƙosa ya ga abin da aka yi masa alkawari. Daga nan, duk ranar da ya buɗe manhajar bankinsa, sai ta shimfiɗa wani shafi na ƙarya mai kama da na bankin a sama, ya rubuta lambar sirrinsa a ciki. Lambar tabbatarwa da banki ke turowa ta saƙo kuma ita ce za ta fara karantawa, ta tura wa maigidanta, wani lokaci ma ta ɓoye saƙon. Aikinta kamar na gara ne a jikin azara: daga waje rufi yana nan daram, sai ranar da ya rufta.

Ba labarin wata duniya ba ne. A watan Oktoban 2021, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta gargaɗi masu wayar Android a kan wani Tirojan mai suna FluBot, wanda a lokacin yake zuwa ta saƙon tes mai cewa an aiko maka da kaya ko an bar maka saƙon murya, ya saci bayanan banki, sannan ya tura kansa ga lambobin da ke cikin wayarka. A 2022 kuma, rundunar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol tare da EFCC sun kama mutum uku a Najeriya bisa zargin amfani da Agent Tesla, manhajar da ke naɗar duk harafin da aka danna a kwamfuta, domin karkatar da kuɗin kamfanoni. Ina tambaya, ranka ya daɗe, mutum nawa ne a cikin masu sana'ar POS da 'yan kasuwar da ke karɓar kuɗi ta waya suka ji gargaɗin NCC da harshen da suke fahimta? Irin wannan sanarwa tana fita da Turanci, ta kwana a shafin hukuma, ba ta isa ga mai shago a Kantin Kwari ko mai sayar da hatsi a Dawanau ba, alhali su ne ke juya miliyoyi a wayar da 'ya'yansu ke saka wasanni a cikinta da daddare.

Akwai illar da ta wuce ta kuɗi, kuma a wurinmu ita ce ba ta warkewa. Manhajar leƙen asiri tana iya kwashe hotuna da hirarraki, ta kunna makirufo, ta nuna inda mutum yake. Mafi shahara a wannan fanni ita ce Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila, wadda a 2019 WhatsApp ya ce an bi ta manhajarsa an kai wa mutum kusan 1,400 hari da ita, ta hanyar kiran da ko ba a amsa ba ya isa. Wannan kayan gwamnatoci ne, kuma 'yan jarida irinku na cikin waɗanda aka fi hara da shi. Amma ƙananan irinta suna nan da araha, wani na iya saka wa matarsa ko budurwarsa a cikin minti kaɗan idan ta bar wayarta a buɗe. Hoton mace ɗaya da ya fita zai iya kashe aure, ya bar wa dangi tabo na shekaru, kuma a mafi yawan lokuta ita za a zarga, ba wanda ya yi satar ba. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba da kuma yaɗa muguwar manhaja, sai dai mutane kaɗan ne suka san haka, kunya kuma tana hana waɗanda aka cuta kai ƙara.

Har ila yau, ana iya kame na'urar mutum a sa ta cikin rundunar da ake kai wa wasu hari da ita, kamar yadda wani bairos mai suna Mirai ya tara kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet a 2016, waɗanda masu su ba su sauya kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani ba, ya toshe manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na sa'o'i.

Buƙatata gare ka ita ce a ware wa wannan batu fili na dindindin, ko da sau ɗaya ne a mako, maimakon jiran sai an yi wa wani babba sata. A riƙa fassara gargaɗin NCC da na NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, zuwa Hausa a ranar da suka fito. A nuna wa mutane, mataki bayan mataki, inda za su shiga a waya su ga izinin da kowace manhaja ta karɓa, su gane cewa tocila ba ta da hujjar neman karanta saƙonni. A bayyana musu dalilin da ya sa ya kamata su tsaya ga rumbun manhajoji na asali, ko da yake shi ma wani lokaci mugu yana sulalewa ciki, da dalilin ajiye kwafin muhimman fayiloli a wani faifai da ba ya zama a jone da kwamfuta, da kuma muhimmancin kiran banki a rufe asusu nan take idan aka ga motsin da ba a gane ba. Ina kuma ba da shawarar a gayyaci masu gyara da masu tura fina-finai da masu shagunan buga takardu su zauna tare da masana a wannan fili, domin ta hannunsu ne na'urorin unguwa guda suke wucewa, kuma idan mutum ɗaya daga cikinsu ya tsabtace kwamfutar shagonsa, ɗaruruwan filas da memori ne za su tsira.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Wani mai gyaran kwamfuta da waya,
Kano.