Rawar zamani da ƙyamar juna: shawara ga matasan Kaduna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana kan rawar zamani ta dandali, wadda matasanmu suka fara sha'awa. Da yawa suna ɗaukar ta rawar biki ce aka sa mata baƙaƙen kaya. Ba ita ba ce. Wasan kwaikwayo ne da jiki ke yi baki yana rufe, irin wanda ake koyarwa a makarantar rawa da gwanar rawa Germaine Acogny ta kafa a ƙauyen Toubab Dialaw na ƙasar Senegal, ɗan rawar Najeriya Qudus Onikeku kuma yake yi a Legas.

Kaduna ba ta rasa abin faɗa ba. Tun rikicin 2000 da na 2002 kogin Kaduna ya zama iyaka tsakanin unguwannin Musulmi da na Kirista: ɗan Rigasa sai ya shekara bai taka Sabon Tasha ba, ɗan Narayi kuma in magariba ta riske shi a Tudun Wada hankalinsa ya tashi. Ga kuma tsohuwar ƙyamar asali. A ci naman mahauci a hana ɗansa aure, a yi wa makaɗi liƙi da dare, gari na wayewa a ce maroƙi ne. Bazawara kuwa kowa ya san kallon da ake yi mata.

Sai dai ba da tsalle ake nuna ƙyama ba, da tazara ake nuna ta. A zaunar da mutum shida a tabarma, kwano ɗaya a tsakiya. Na bakwai ya shigo ya zauna. Na kusa da shi ya tattare bakin rigarsa, na gaba ya janye hannu daga kwanon, sauran su muskuta baya. Inda ake ɓata wannan shi ne gaggawa. In an yi shi cikin daƙiƙa biyu babu wanda zai gani. A riƙe kowane motsi ƙirga takwas, a maimaita sau uku, kowane karo ratar na ƙaruwa, har tabarmar ta zama ta mutum ɗaya. A kuma daina yamutsa fuska, domin na layin baya kafaɗa da gadon baya yake gani, ba ido ba.

Batun namiji ya taɓa mace, kada a yi wa kai ƙarya: a garin nan dattawa za su miƙe su fita, saƙon ya bi su. Zani yadi shida ya wadatar. Ita ta riƙe gefe, shi ya riƙe gefe. In zanin ya miƙe tsam, ana ja-in-ja. In ya yi sako-sako, an shirya. In ɗaya ya saki, an rabu. Amma wanda zai saki ya yi a kan ƙirgar da aka ajiye, in ba haka ba ɗayan da ya jingina nauyinsa baya zai faɗi da ƙeya.

Abin da ya fi kassara 'yan rawa shi ne daɓe. Yawancin ɗakunan taronmu siminti ne ko tayil, ba sa shanye dira, sai gwiwa da ƙwauri su shanye, bayan 'yan makonni a fara ɗingishi. Kafinta zai iya magance wannan: falankin filawud mai kaurin milimita 18 a kan sandunan katako, a sa guntayen roba ko soso mai tauri a ƙarƙashi. Faɗin mita 8 sau 8 ya ishi mutum bakwai. A nutsar da kan kowace ƙusa, tunda ba takalmi ake rawar ba. Lokacin hunturu ƙura kan mai da shi santsi, sai a goge da tsumma mai danshi minti 15 kafin a fara, ba da sabulu ba.

Wasan minti 25 yana cin gwaji na mako shida zuwa takwas, kwana huɗu a mako, awa uku a rana, minti 20 na farko na ɗumama jiki. In ana so a haɗa 'yan rawa daga gaɓa biyu na kogin, kuma ya kamata a haɗa, a kauce wa azahar ɗin Juma'a da safiyar Lahadi, a tashi kafin magariba, a ware kuɗin mota tun farko. Wannan ɗan kuɗin shi ke rusa ƙungiya, ba saɓanin addini ba.

Kiɗa kuma, mai kalangu ɗaya a gefen dandali ya fi lasifika goma. Yana kallon ƙafar mai rawa ya jira shi, ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma kalangu ya iya habaici. Shiru ma kiɗa ne a irin wannan wasa, don haka a kai janareta nesa, aƙalla bayan katanga. Fitila huɗu a gefe da gefe, daidai tsayin ƙugu, sun fi guda ɗaya mai ƙarfi daga gaba, wadda ke baje jiki kamar hoton fasfo.

Da an gama kada a sallami mutane da tafi. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya daɗe da nuna amfanin tattaunawa da 'yan kallo. A ba su minti 15, a jefa tambaya ɗaya tak: wane ne na bakwai ɗin nan? Mai gabatarwa ya kama bakinsa, ya miƙa makirufo ga layin baya tukuna.

Mun gode.

Daga wasu masu koyar da rawa da wasan dandali,
Kaduna.